Takin zamani da gajiyar ƙasa a Damagaram

Yawancin gonakin kudancin Damagaram jigawa ne, rairayi mai sauƙin noma amma maras riƙe ruwa da abincin shuka. A da manomi kan bar gona ta huta har ta zama saura, ko ya daidaita da makiyaya su zaunar da shanu a cikinta da rani, ya ba su hatsi. Da jama'a suka yawaita a Magarya, Matamaye da Mirya, rabon gado ya ƙanƙanta gonaki, hutun ya ƙare. Karan da ake bari ya ruɓe ma aka koma kwashe shi don dabbobi, danni da girki.

A wannan hali takin zamani ya samu karɓuwa. A shekarun farko gona kan yi kyau, ganye ya yi shar, dami ya ƙaru. Daga baya sai a ga buhu guda ba ya yin aikin da ya saba, har manoma su ce taki ya ƙone ƙasa. Yuriya naitirojin kaɗai take bayarwa, kuma idan ta narke takan ƙara wa ƙasa tsami, wanda ke hana saiwa yaɗuwa. Shukar da ta yi ƙarfi kuma takan zuƙe sauran sinadaran da ba a mayar ba. Gwaje-gwajen shekaru da dama a cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, sun nuna cewa filin hatsin da aka haɗa wa takin zamani da kara ya fi wanda aka ba takin zamani zalla amfani, kuma tsaminsa bai kai na wancan ba. Ɗora wa takin laifin duka dai zalunci ne, domin Nijar na cikin ƙasashen da suka fi ƙarancin amfani da shi a duniya, nesa da kilo 50 a kowace hekta da taron Abuja kan taki na 2006 ya tsayar.

Komawa takin gargajiya ba baƙon abu ba ne a ƙasar. Ana ba da labarin cewa Sarkin Damagaram Tanimun, a ƙarni na 19, ya sa hukunci mai tsanani a kan mai sare gawo. Gawo yakan zubar da ganye da damina, lokacin da sauran itatuwa ke tohowa, don haka ba ya tare wa shuka rana. Da rani dabbobi kan taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa, su bar kashi a gindi. Hatsin ƙarƙashinsa yakan fi na fili tsawo da kaurin zangarniya. Tun daga shekarun 1980 manoma suka rungumi sassaben zamani, wato barin tohon gawo, kalgo da sabara ana gyara shi, kuma wani bincike na 2006 ya ƙiyasta kusan hekta miliyan ɗaya da ta farfaɗo haka a Magarya, Matamaye da Mirya.

Tsadar taki a 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren, ta ƙara wa juji, toka da kashin awaki daraja. Sai dai ba sa wadatarwa: gonar bayan gari ke samun amalanken taki, ta nesa kuwa sai abin da ya rage, kuma fosfora da ke cikinsa kaɗan ne. Shi ya sa malaman gona ke koyar da a sa takin gida a rami, a ƙara takin kamfa cikin murfin kwalba, kimanin giram 6, a kowane gurbin shuka maimakon watsawa.