Psycho IV: Fim ɗin da ya tona yarintar Norman Bates ya kuma raba kan masu kallo

A daren 10 ga Nuwamban 1990 tashar talbijin ta Showtime da ke Amurka ta nuna Psycho IV: The Beginning, kashi na huɗu na labarin Norman Bates, mai masaukin matafiya da ke kashe baƙinsa sanye da tufafin mahaifiyarsa. Ba a kai fim ɗin gidajen sinima na Amurka ba kamar ukun da suka gabace shi. Don talbijin aka shirya shi tun daga farko. Sama da shekara 30 ke nan, amma masu sha'awar finafinan ban tsoro ba su daina jayayya a kansa ba. Wasu na ganin shi ne ya fi kusa da ruhin fim na farko, wasu kuma na cewa da an bar kaza cikin gashinta.

Kafin a gane tushen wannan saɓani sai an koma 1960, shekarar da Alfred Hitchcock ya fitar da Psycho, wanda aka ɗauko daga littafin da Robert Bloch ya wallafa a 1959. Wata ma'aikaciyar ofis ta sace kuɗi ta gudu, dare ya riske ta a wani masauki da ke gefen tsohuwar hanya, ta haɗu da saurayi mai kunya da ladabi wanda ke kula da wurin, sannan aka kashe ta da wuƙa a banɗaki tun fim bai kai rabi ba. Mai kallo ya ɗauka tsohuwar da ke zaune a gidan kan tudu ce ta yi kisan. Sai a ƙarshe ake gane cewa tsohuwar ta daɗe da mutuwa, gawarta ce ɗan ya adana, kuma shi ne ke magana da muryarta. Ƙarfin fim ɗin yana cikin abin da ya ɓoye. Ba a taɓa nuna uwar da rai ba. Murya kawai ake ji, sai inuwa a taga.

Bayan rasuwar Hitchcock a 1980 kamfanin Universal ya farfaɗo da labarin. Psycho II ya fito a 1983 ya samu kasuwa. Psycho III, wanda jarumin da kansa, Anthony Perkins, ya ba da umarni a 1986, bai yi abin kirki a sinima ba. Shi ya sa na huɗu ya koma talbijin, da Mick Garris a matsayin darakta, aka kuma ɗauke shi a sabon sansanin Universal da ke Orlando a jihar Florida. Babban abin da aka yi alfahari da shi shi ne dawowar Joseph Stefano, wanda ya rubuta fim na 1960.

Stefano ya gina labarin a kan wani shirin rediyo na dare. Mai gabatarwa, Fran Ambrose, wadda CCH Pounder ta fito a matsayinta, tana tattauna batun 'ya'yan da ke kashe iyayensu mata. Sai wani ya bugo waya ya ce sunansa Ed. Norman ne. An sallame shi daga asibitin masu taɓin hankali, ya yi aure, yana tsaye a ɗakin girki yana ba da tarihinsa kaɗan-kaɗan, har ya kai ga faɗin cewa a daren nan zai sake kisa. Sunan Ed ba a banza aka zaɓe shi ba: ishara ce ga Ed Gein, mutumin garin Plainfield na jihar Wisconsin da aka kama a 1957, wanda ya amsa kashe mata biyu da tone kaburbura, kuma ana danganta littafin Bloch da labarinsa.

Daga nan fim ɗin ke komawa baya. Henry Thomas, yaron nan na fim ɗin E.T. na 1982, shi ne Norman yana matashi. Olivia Hussey, wadda duniya ta sani a Romeo and Juliet na 1968, ita ce uwar, Norma. A nan ne ra'ayi ya fara rabuwa.

Masu yabon fim ɗin kusan dukansu da Hussey suke farawa. Sun yi zaton za su ga tsohuwa mai yamutsattsen fuska da muryar mayya, sai ga mace kyakkyawa wadda za ta yi wasa da ɗanta yanzu, kafin ƙiftawar ido ta juya ta ci masa mutunci. Akwai wurin da ta sa masa rigarta, ta shafa masa jan baki, ta kulle shi a ma'ajiyar kaya tana kiransa da sunan mace. A wurin waɗannan masu kallo, wannan ya fi kowace wuƙa ban tsoro, domin yaro ne da bai san da wace fuska uwarsa za ta tashi gobe ba. Suna kuma yaba yadda Thomas ya kama kunya da in-inar Perkins ba tare da ya mayar da abin kwaikwayo ba, da yadda aka dawo da kiɗan Bernard Herrmann na fim na farko.

Masu suka ba su musanta ƙwarewar Hussey ba. Ƙorafinsu ya fi haka zurfi: sun ce da zarar an ba dodo fuska, ya daina zama dodo. Abin da Hitchcock ya bar wa tunanin mai kallo, Psycho IV ya shimfiɗa shi a faifai, har da gubar da Norman ya zuba a shayi mai ƙanƙara ya kashe uwar da masoyinta Chet. Kowa ya san haka ta faru tun 1960, don haka ba sauran fargabar me zai biyo baya. Wasu kuma sun ƙyamaci yadda fim ɗin ya fito fili da alaƙar da ta wuce iyaka tsakanin uwa da ɗa, abin da fim na farko ya taɓa da kan yatsa kawai ya wuce. Wanda zai nemi fim ɗin ya sani ba na kallo da yara ba ne. Showtime tasha ce ta masu biyan kuɗi, ba ta ƙarƙashin takunkumin da ke kan tashoshin kyauta.

Akwai rukuni na uku, masu riƙe da lissafin labari. Psycho II ya kawo wata mata, Emma Spool, da ta ce ita ce ainihin uwar Norman, na uku ya warware cewa 'yar'uwar Norma ce. Stefano ya yi watsi da wannan duka kamar ba a yi ba. Wanda ya bi na biyu da na uku da zuciya ɗaya dole ya ji an yi masa rashin adalci. Amma zargin da ake yawan yi cewa fim ɗin na da "kamannin talbijin" ba shi da ƙarfi sosai, domin Hitchcock ma da ma'aikatan shirinsa na talbijin ya ɗauki fim na farko, baƙi da fari, a kan kuɗin da bai kai dala miliyan ɗaya ba.

A ganina, duk waɗannan ba su kai ga inda fim ɗin ya fi nauyi ba. Wadda Norman ke shirin kashewa matarsa ce, Connie, wadda ya haɗu da ita a asibitin da ta yi aiki. Laifinta shi ne ta ɗauki ciki bayan sun yi yarjejeniya ba za su haihu ba. Norman ya yi imani cewa abin da ke jininsa zai bi ɗan. Ke nan fim ɗin ya shafe fiye da awa guda yana nuna cewa tarbiyya ce ta lalata shi, sannan ya sa shi kansa ya ɗora laifin a kan gado. Masu suka na kiran wannan tufka da warwara. Masu yabo na cewa haka mutum yake: wanda aka zalunta yana ƙarami yakan ɗauka shi ne mugun tun asali.

Wannan fargaba ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk wanda ya taɓa shiga binciken aure ya san yadda kalma ɗaya game da taɓin hankali a dangi ke rushe magana. Likitoci sun yarda cewa gado na da hannu a wasu cututtukan ƙwaƙwalwa, amma hannu ne na ƙara yiwuwa, ba hukunci ba, kuma mafi yawan masu irin wannan lalura ba sa cutar da kowa. Jerin finafinan Psycho na cikin waɗanda aka daɗe ana zargi da cusa wa jama'a akasin haka. Na huɗun ya yi ƙoƙarin gyarawa: Norman ya ɗaga wuƙa a tsohon gidan, Connie ta yi masa magana har ya yar da ita, ya banka wa gidan wuta. Sai dai a daƙiƙun ƙarshe kyamara ta gangara ɗakin ƙasa inda kujerar uwar ke lilo, aka ji muryarta, sannan kukan jariri. Abin da aka ba mai kallo da hannun dama aka karɓe da hagu, kuma a nan ina tare da masu suka.

Ba a yi kashi na biyar ba. Perkins ya rasu ranar 12 ga Satumban 1992 yana da shekara 60, sakamakon ciwon huhu mai nasaba da cutar ƙanjamau, don haka wannan ne karo na ƙarshe da ya fito a matsayin Norman. Sanin hakan ya sauya yadda mutane da yawa ke kallon wuraren da yake tsaye shi kaɗai da kan waya a hannu. Tunanin komawa yarintar Norman kuwa bai mutu ba. Tashar A&E ta ɗauke shi ta yi shiri mai dogon zango, Bates Motel, daga 2013 zuwa 2017, inda Freddie Highmore ya zama Norman, Vera Farmiga kuma ta zama Norma, aka yi zango biyar.