Waken Soya a Abincin Koriya: Tafasa da Tsimawa

A ɗanyen waken soya, yawancin sinadaran isoflavone manne suke da sukari, sai hanji ya raba su kafin jiki ya tsotse su. Tafasa ba ta raba su sosai, wasu ma bin ruwan dafuwa suke yi idan kuka zubar.

Tsimawa ce ke aikin. A cheonggukjang na Koriya, ƙwayar Bacillus subtilis, wadda ke yi mana daddawa, tana tsinke sukarin cikin kwana 2 zuwa 3, ta saki genistein da daidzein. Doenjang, kirɓaɓɓen waken da ke watanni yana tsimuwa, ya fi sakin su, amma gishirinsa da yawa. In kuna da hawan jini ko ciwon ƙoda, ku sa kaɗan, kada ku ƙara wa miyar gishiri.