Adana Fayiloli da Musayarsu a Cibiyoyin Sadarwar Al'umma na Farko

1.0 Gabatarwa

Kafin intanet ta game duniya, akwai ƙananan cibiyoyin sadarwa waɗanda jama'a ke shiga ta layin tarho. Mutum zai haɗa kwamfutarsa da wata na'ura mai suna modem, ita kuma ta buga lambar uwar kwamfutar cibiya. Aikin modem shi ne mayar da rubutu ya zama sauti domin ya bi waya, sannan wata modem ɗin a can ɗaya gefen ta sake mayar da shi rubutu. A wannan babi za a duba yadda ake adana fayiloli da musayarsu a irin waɗannan cibiyoyi, tare da nuna darasin da malamin Hausa zai koya daga ciki.

1.1 Cibiyar Cleveland Free-Net

Fitaccen misali shi ne Cleveland Free-Net, wadda Dokta Tom Grundner ya jagoranci kafa ta a Jami'ar Case Western Reserve da ke jihar Ohayo ta Amurka a shekarar 1986. An fasalta ta kamar gari, da gidan waya da makaranta da kotu da asibiti, kuma shigarta kyauta ne. Ta yi aiki har zuwa shekarar 1999 da aka rufe ta.

A irin wannan cibiya, fayil yana da mazauni biyu: kwamfutar mai shi, da kuma ɗan gurbin da aka ware masa a uwar kwamfuta. Tura fayil zuwa uwar kwamfuta shi ake kira ɗorawa, jawo shi daga can kuwa saukewa. Da yake ma'ajiya ba ta da yalwa, dole mai amfani ya riƙa goge abin da ya gama da shi. Haka kuma tsarin DOS bai yarda sunan fayil ya wuce harufa 8 ba, sai wutsiya mai harufa 3. Saboda haka naɗa wa fayil suna mai ma'ana, kamar NAHAWU01.TXT, gwaninta ce ta musamman.

1.2 Matsalolin Layin Tarho

Matsala ta farko ita ce jinkiri. Modem mai gudun bit 300 a daƙiƙa tana aika kimanin harufa 30 ne kacal a daƙiƙa guda. Alal misali, ɗan littafi mai shafi 50, kowane shafi da harufa 3,000, zai ci wajen sa'a ɗaya da minti 23. Idan gudun ya kai bit 2,400, aikin zai ragu zuwa kusan minti 10. Wannan ne ya sa ake matse fayiloli kafin a tura su, musamman bayan da Phil Katz ya fitar da manhajar PKZIP a 1989.

Matsala ta biyu ita ce ƙarar layi. Ƙugin da kunnen mutum zai yi watsi da shi yana iya sauya harafi ɗaya da wani. A wasiƙa mai karatu zai iya cankar kalmar da ta gurɓace, amma a manhaja kuskuren bayit ɗaya ya isa ya hana ta aiki.

1.3 Ƙa'idojin Musaya

Domin magance ƙarar layi aka samar da ƙa'idojin musaya. A 1977 Ward Christensen ya rubuta wadda aka sani da XMODEM. Tana yanka fayil gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa bayit 128, ta ba ta lamba, ta kuma liƙa mata jimillar lissafin abin da ke cikinta. Kwamfutar da ke karɓa za ta yi nata lissafin. In ya dace sai ta nemi ta gaba, in ya saɓa sai ta ce a maimaita. Abin ya yi kama da darasin shifta, inda malami ba ya wucewa zuwa sabuwar jimla sai ya tabbata an kama ta baya.

A 1981 aka samar da Kermit a Jami'ar Kolombiya da ke birnin Niyok, domin musaya tsakanin kwamfutoci mabambanta. Sai kuma ZMODEM ta Chuck Forsberg a 1986, wadda ba ta tsayawa jiran amsa bayan kowace gunduwa. Bugu da ƙari, idan layi ya katse tana iya ci gaba daga inda aka tsaya. Sharaɗin dai shi ne ɓangarorin biyu su zaɓi ƙa'ida iri ɗaya, kamar yadda zance ba ya ƙulluwa sai masu yin sa sun yi tarayya a harshe.

1.4 Matsayin Rubutun Hausa

Waɗannan cibiyoyi sun dogara ne da tsarin ASCII mai alamomi 128, kuma babu ɓ da ɗ da ƙ a cikinsu. Wanda ya rubuta Hausa da zallar wannan tsari, to, "ƙasa" da "kasa" za su zama ɗaya, haka ma "ɓari" da "bari". Wanda kuwa ya yi amfani da wani salon harufa na musamman, sai mai karɓa yana da irinsa kafin ya ga ƙugiyoyin. Tsarin Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991, ya ba kowane ɗaya daga cikin waɗannan harufa lambarsa ta dindindin, kodayake an ɗauki shekaru kafin manhajoji su rungume shi.

1.5 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa tura fayil bai kammala ba sai an tabbatar ya isa yadda aka aiko shi. Ƙarancin gudu da ƙarar layi sun koya wa mutanen wancan zamani naɗa suna da kyau, da rage nauyi, da bin diddigin saƙo. Malamin da zai tura takardar jarrabawa a yau yana buƙatar wannan tarbiyya: ya buɗe fayil ɗin a wata na'ura, ya duba ko ƙugiyoyi sun tsira, tun kafin tambaya ta sauya ma'ana a gaban ɗalibai.

1.6 Auna Fahimta

1. Bambance tsakanin ɗorawa da saukewa.
2. Yi bayanin yadda XMODEM ke gano kuskure.
3. Kawo tagwayen kalmomi 5 waɗanda rashin ƙugiya zai rikita ma'anarsu.