Rijiyar maƙwabci na ambaliya, taka ƙura take fitarwa

A unguwanni da dama na Kano da Zariya, mutum kan zuba kuɗi a haƙa masa rijiyar burtsatse ta fito a bushe, alhali ta maƙwabcinsa, taku hamsin tsakani, tana cika tanki kullum. Jama'a su ce rabo ne. Masana ƙasa kuwa dutsen da ke ƙarƙashi suke tuhuma.

Garuruwan nan, har da Damagaram a Nijar, zaune suke kan tsohon dutse mai tauri da ruwa ba ya ratsawa. Ruwan damina wuri biyu yake samu ya kwanta: ruɓaɓɓen dutsen da ke sama, da tsagogin da ke cikin fa ɗin kansa. In bakin injin ya faɗa kan tsagar da ta haɗu da wasu, an dace. In ya kauce kaɗan, shi ke nan.

Shi ya sa kafin haƙa ake kafa turakun ƙarfe a jere, a tura lantarki cikin ƙasa. Jiƙaƙƙen wuri yana barin wutar ta wuce, fa kuwa tare ta yake yi. Sai dai laka ma tana barin wuta ta wuce, ga ta da rowar ruwa, don haka na'ura kan ruɗi wanda bai ƙware ba. Bayan haƙa kuma ya kamata a yi ta jan ruwa na tsawon yini ko fiye, ana auna yadda yake sauka da yadda yake dawowa. Wannan gwajin ne masu gaggawa suka fi tsallakewa, kuma a ganina nan asarar take farawa.

Fadama labarinta daban. A kwarin kogin Haɗeja da Gulbin Maraɗi, yashi da tsakuwar da kogi ya jibge suna riƙe ruwa kusa, manomin rani ya same shi a 'yan mitoci da ƙaramin injin. Amma ruwan nan ambaliyar kogi ce ke ciyar da shi. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa ta biyo baya a 1992, ambaliyar da ke malale dausayin Haɗeja da Nguru ta sauya, abin da ke nitsewa cikin ƙasa ma ya taɓu. Ruwan da aka tsare a Kano, rijiyar manomin Yobe ce ke jin rashinsa.