Yadda manya a ƙasar Sin ke shirin jarrabawar Turanci

Da yawa a cikinmu mun san wani wanda ya bar makaranta da wuri domin ya taimaki gida, kuma har yau yana marmarin komawa karatu. A ƙasar Sin ma akwai irin waɗannan mutane. Bari mu duba yadda suke fama da darasin da ya fi ba su wuya, wato Turanci.

Dama ta biyu

A shekara ta 1966 rikicin siyasa ya sa aka dakatar da jarrabawar shiga jami'a a ƙasar Sin. Ba a dawo da ita ba sai a 1977. Kafin nan mutane da yawa sun girma, sun yi aure, sun kama aiki a gona ko a masana'anta. A 1981 gwamnati ta buɗe musu wata hanya, jarrabawar masu koyar da kansu. Ba a ƙayyade shekaru, kuma babu gwajin shiga. Mutum yana karatu a gida bayan aiki, ya riƙa rubuta darussa ɗaya bayan ɗaya, yawanci a watan Afrilu da na Oktoba. Wanda ya sami maki 60 cikin 100 ya ci wannan darasi.

A fannoni da yawa Turanci yana cikin darussan dole. Mutum yana iya cin sauran duka, amma idan Turanci ya kā da shi, takardarsa za ta jira. Aikin da yake fatan samu da ita ma zai jira.

Me ya sa yake da wuya?

Rubutun Sinanci ba na abacada ba ne. Alamomi ake yi, kuma mai son karanta jarida yana bukatar sanin kamar 3,000. A Sinanci kalmar aikatau ba ta sāke kama. Idan abu ya faru jiya, sai a ƙara kalmar "jiya" ko wata ƙaramar kalma. A magana kuma, furuci ɗaya ne ake yi wa namiji da mace, wato "ta". Har wa yau, Sinanci yana kawo bayanin abu kafin ya ambaci abin, Turanci kuwa yakan ja dogon bayani a bayansa. Shi ya sa doguwar jimla takan rikita su.

Ga kuma ƙarancin lokaci. A babbar jarrabawar Turanci ta ɗaliban jami'a, wadda ake kira CET-4, da aka fara a 1987, jimillar maki 710 ne. Sashen karatu da fahimta yana ɗauke da kashi 35 cikin 100, kuma minti 40 kawai ake bayarwa.

Hanyoyin da suke bi

• Karatun safe. Al'ada ce a makarantun Sin a yi karatu da ƙarfi da sassafe. Manya ma sukan yi haka kafin su tafi aiki. Kaɗan kowace rana ya fi mai yawa sau ɗaya a mako. Sannu ba ta hana zuwa.

• Duba tambaya tukuna. Sukan karanta tambayoyin kafin labarin, domin su san abin da suke nema, ko suna ne, ko shekara, ko dalili.

• Neman jigon sakin layi. A rubutun Turanci jimlar farko takan faɗi abin da za a yi magana a kai. Sukan ja layi a ƙarƙashin kalmomi masu ma'anar "amma" da "saboda haka", gama a nan ne marubuci yakan bayyana ra'ayinsa.

• Rarraba doguwar jimla. Da farko a nemi wanda ya yi aikin, da aikin da ya yi. Sauran ƙarin bayani ne.

• Kimanta ma'ana. A ɗakin jarrabawa babu ƙamus. Saboda haka sukan koyi gane baƙuwar kalma daga kalmomin da ke kewaye da ita, sa'an nan su duba ƙamus bayan sun gama.

• Tsoffin tambayoyi. Sukan amsa na shekarun baya da agogo a gabansu.

• Littafin kurakurai. Duk tambayar da mutum ya faɗi, sai ya rubuta ta tare da dalilin faɗuwarsa. Wannan littafi ne yake bita idan jarrabawa ta matso.

Wani haɗari

Mutanen Sin da kansu suna da suna ga abin da haddar tambayoyi kaɗai ke haifarwa. Suna ce masa "Turancin bebe". Mutum ya ci jarrabawa, amma ba ya iya gaishe da baƙo. Domin maganin wannan, masu koyo sukan taru a fili su yi ta hira da Turanci. Irin wannan taro na daren Jumma'a a Jami'ar Renmin da ke birnin Bejin ya yi suna ƙwarai. Tun a 1982 ma, lokacin da gidan talabijin na ƙasa ya fara nuna shirin koyon Turanci na BBC mai suna Follow Me, miliyoyin mutane sun riƙa binsa daga gidajensu.

Ban da agogo, fensir, littafin rubutu da tsoffin takardu, babu ɗaya cikin waɗannan hanyoyi da ke cin kuɗi. Abin da suke ci shi ne lokaci, kuma lokaci ne ya fi yi wa mai iyali wuyar samu.

Tambayoyi don tattaunawa

• Su wane ne a cikinmu suke so su koma karatu? Me ke hana su?

• Wace hanya cikin waɗannan za mu iya gwadawa a ajinmu na manya a wannan wata?

• Ta yaya za mu rage wa mace mai karatu aikin gida, ko na rabin awa ne a rana?

• A ina ne, kuma wace rana, masu koyo za su iya haɗuwa su yi hira da Turanci ba tare da an yi musu dariya ba?