Daga Bayan Loko zuwa Abuja: Mai rubuta manhaja tsakanin dala da fansho

Matashin da ya fara taɓa kwamfuta a Gidauniyar Fantsuam da ke Bayan Loko, Kafanchan, in ya ƙware a rubuta manhaja, hanya biyu ce gabansa. A ma'aikatar tarayya zai fara daga mataki na 08, da tabbataccen albashi da fansho. Sai dai aikin da ya kammala cikin mako guda kan shafe watanni a teburin darakta, musamman in ba shi da uwa a gindin murhu.

Kamfanin ƙetare kuwa da dala yake biya, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 ratar ta ƙaru. Amma kuɗin lantarki da intanet a wuyansa suke, kuma saƙo ɗaya ya isa a sallame shi.