Mai Saurare da Kunne Yake Gani

Ran 30 ga Oktoba, 1938, Orson Welles ya gabatar da wani wasan kwaikwayo a gidan rediyon CBS na Amurka. Ya tsara shi tamkar labari da ɗumi-ɗuminsa, wai halittun duniyar Mars sun kawo hari. Waɗansu masu saurare suka firgita, suna tsammani gaskiya ne, alhali kuwa murya da ƙara da shiru kaɗai ya sarrafa.

To, jama'a, wannan ita ce sana'ar. Wajibi ne mai tsara shiri ya gajarta zance, ya riƙa ambaton sunan mai magana, ya bar takun sawu ko ƙarar ƙofa su nuna wuri. Mai karatu yana iya komawa baya, amma mai sauraren rediyo in zaren labari ya kuɓuce masa, sai ya murɗa wata tasha.